Jingina A Cikin Kati: Abin Da Ke Samun Kuɗinka Idan Ka Yi Hayar Mota A Ƙasar Waje

A Ƙofar Guga, inda hanyar Jibiya ta fita daga birnin Katsina ta miƙe zuwa iyakar Nijar, babu mai tambayar katin banki wurin wanda ya zo neman shatar mota. Tambayoyin da ake yi masa sanannu ne: ina za ka, kwana nawa, mai a kan wa, yau za a juyo ko sai an kwana? Idan baƙuwar fuska ce, a ƙara da guda ɗaya: wa ya turo ka? Ɗan kamasho ya ƙwala wa direba kira, a ja gefe a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami na shan mai, cikon kuma sai an sauka lafiya. Dangin da za su kai amarya Maraɗi, da ɗan kasuwar da zai kwaso kaya, da iyalin da za su gaisuwar rasuwa ƙauye, duk haka suke yi. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ba kasafai ake jin kansu ba.

Dalilin da ya sa wannan tsari yake tafiya lami lafiya a fili yake: makulli bai bar hannun direba ba. Tafiya aka saya, ba a karɓi mota ba. Idan taya ta fashe a wajen Daddara, ko ɗan acaɓa ya goge ƙofa, wannan tsakanin direba da ubangidansa ne, fasinja ba ruwansa.

Amma ranar da Bakatsinen da ya saba da haka ya sauka filin jirgin Jidda, ko Dubai, ko Landan, ya ce yana son motar da zai tuƙa da kansa, ya shiga wata duniya daban. Ma'aikacin da ke bayan kanta bai san unguwarsu ba, bai san gidansu ba, amma zai miƙa masa makullin motar da ta kai miliyoyin naira. Babu ɗan kamasho, babu shugaban tasha. Abin da zai tsaya masa shi ne katin da ke aljihunsa. Daga nan ne ƙorafe-ƙorafen da ake ji a bakin masu dawowa daga Umara da 'yan kasuwa suke tasowa: an cire mini kuɗi sau biyu, kati ya ƙi aiki alhali asusu cike yake, na mayar da mota tun makon jiya amma kuɗina bai dawo ba. Mafi yawan lokuta ba sata aka yi ba. Abubuwa biyu ne suka haɗu wa matafiyin: riƙon kuɗi, da iyakar kati.

Ba a cire ba, ba a kuma sakar maka ba

Lokacin da ma'aikaci ya zura kati a na'ura, saƙo ne yake tashi daga bankin kamfanin haya, ya bi ta layin Visa ko Mastercard, ya isa bankin da ya ba da katin. Tambaya ɗaya saƙon yake ɗauke da ita: wannan kati zai iya ɗaukar nauyin kuɗi kaza? Cikin 'yan daƙiƙoƙi banki ya duba ko katin yana aiki, ko ba a kai rahoton ɓatansa ba, ko abin da ke ciki ya isa. Idan ya gamsu, ya ba da lambar amincewa, sannan ya ware wannan adadi ya ajiye shi gefe.

Kuɗin nan bai shiga hannun kamfani ba. Yana nan a bankinka, sai dai ba ka da ikon taɓa shi. Jingina ce, irin wadda muka sani, bambancin kawai shi ne abin da aka jinginar bai bar ɗakin mai shi ba, an dai danna masa kwaɗo. Wanda ya buɗe manhajar bankinsa a wannan lokaci zai iya ganin adadi biyu: jimillar abin da ke asusu, da abin da zai iya kashewa. Na biyun shi ne gaskiyar halin da yake ciki.

Ranar da aka mayar da mota, kamfani ya yi lissafin ainihin abin da yake bi, ya aika wa banki, a cire wannan kaɗai, ragowar a sake shi. Saboda ba a sanin jimillar kuɗin tun farko, ƙa'idojin Visa da Mastercard sun ba kamfanonin hayar mota da otal-otal damar riƙon da zai iya kaiwa kwana 30, saɓanin cinikin kanti da amincewarsa ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Idan mai haya ya buga waya ya ƙara kwana biyu, kamfani yakan koma wa banki ya nemi ƙarin riƙo a kan na farko.

Wannan dabara ta taso ne daga matsalar baƙo. A 1918 Walter Jacobs ya fara ba da hayar motocin Ford goma sha biyu a birnin Shikago na Amurka, kasuwancin da John Hertz ya saye a 1923. A 1946 Warren Avis ya buɗe nasa kamfanin a filin jirgin sama, inda kusan duk mai zuwa baƙo ne da ya sauka yanzu, zai kuma tashi jibi. Da katin Diners Club ya fito a 1950, sannan BankAmericard a 1958, wanda ya zama Visa a 1976, sai masu motoci suka sami wanda zai tsaya wa baƙon: bankinsa.

Nawa ake riƙewa, kuma don me?

Farashin da matafiyi ya gani a intanet lokacin da yake kama mota kuɗin haya ne kurum. Abin da za a riƙe a kanta ya fi haka, wani lokaci ninki biyu ko uku. Kamfani yana tsare kansa ne daga abubuwan da ba a sanin su sai daga baya: tankin da aka dawo da shi ba a cike ba, jinkirin awanni da zai zama kuɗin kwana guda, harajin hanya, tarar gudun wuce ƙa'ida, ƙarcewar fenti, fasasshen madubi.

Babba a cikinsu shi ne inshora. A yawancin ƙasashe kuɗin haya yana haɗe da kariya idan mota ta yi haɗari ko an sace ta, amma kariyar ba ta cika ba. Akwai kason farko na asara da yake wuyan mai haya, sai abin da ya haura shi ne kamfani ko masu inshora za su ɗauka. A Birtaniya da ƙasashen Turai wannan kaso ne ake yawan riƙewa a kati, kuma yakan tashi daga ɗaruruwan fam ko yuro zuwa sama da dubu, gwargwadon girman mota. A Amurka an fi riƙe kuɗin haya da ƙarin dala 200 zuwa 500.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda mutanenmu suka fi zuwa, akwai wani dalili na daban. Titunan Saudiyya cike suke da kyamarorin Saher masu kama gudu da ƙetare danja, Dubai kuma tana da ƙofofin Salik tun 2007, waɗanda ke caje mota ba tare da ta tsaya ba. Tara da haraji irin waɗannan da sunan mai mota suke fita, wani lokaci bayan mai haya ya riga ya iso gida. Shi ya sa kamfanoni a can suke jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Jan ƙafar ya yi yawa har a 2024 hukumar kare masu sayayya ta Dubai ta umarci kamfanonin haya su mayar da kuɗin ajiya cikin kwana 30 daga ranar da aka dawo da mota.

A bakin kanta ne ake matse wanda bai shirya ba. Idan katinsa ya kasa ɗaukar riƙon, ma'aikaci zai yi masa tayin cikakkiyar inshora: ka biya kaza a kowace rana, sai a rage riƙon ko a ɗauke shi. Tayin ba haramtacce ba ne, kuma ga wanda bai saba da hanyoyin garin ba yana iya zama kwanciyar hankali. Sai dai a gane bambancin. Riƙo kuɗinka ne da zai dawo idan an rabu lafiya. Ƙarin inshora kuɗi ne da ya tafi ke nan, kuma yana iya ninka farashin motar da aka kama da arha.

Katin bashi daban, katin cirar kuɗi daban

An gina wannan tsari ne a kan katin bashi, wato katin da banki yake ba mutum damar kashe kuɗin bankin zuwa wani adadi, ya biya daga baya. Idan iyakar katin dala 2,000 ce, mai shi ya riga ya kashe 600, saura 1,400 ke nan. Kamfanin haya ya riƙe 650, saura 750. Otal ya riƙe 500, saura 250. Ko sisi bai fita daga aljihunsa ba, kuma ba a lissafa ruwa a kan abin da aka riƙe, tunda ba a cire shi ba. Abin da ya ragu kawai shi ne filin da yake da shi na cin bashi.

Mu kuwa ba irin wannan kati muke riƙe da shi ba. Binciken Bankin Duniya na 2021 ya nuna cewa manyan mutanen Najeriya masu katin bashi ba su kai 3 cikin 100 ba. Abin da ke aljihun ɗan kasuwar Ƙofar Guga, da ma'aikacin sakatariya, da malamin jami'a, katin cirar kuɗi ne, wanda aka fi sani da katin ATM. Idan aka ɗora riƙo a kansa, ba kuɗin banki aka taɓa ba, guzurin matafiyi aka ɗaure: kuɗin abinci, kuɗin masauki, kuɗin tsaraba. Wasu bankunan ma sukan turo alat tamkar an cire kuɗin, abin da ke ƙara tayar da hankali.

Su ma kamfanonin ba sa son wannan kati. A wurinsu, mai katin bashi mutum ne da wani banki ya riga ya bincika ya yarda da shi, mai katin cirar kuɗi kuwa yana iya kwashe asusunsa gobe. Don haka wasu rassa ba sa karɓarsa sam. Wasu su karɓa amma su ƙara adadin riƙo, su nemi tikitin komawa, su kuma hana manyan motoci. Katin da ake loda wa kuɗi, da katin dala na cikin waya da matasa ke biyan kuɗin manhajoji da shi, galibi ba sa wucewa a kanta, domin ana son katin da za a riƙe a hannu. Katin Verve da na AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, ƙarfinsu a hada-hadar cikin gida yake, kada a dogara da su a can.

Akwai kuma sharaɗin da ke kayar da iyalai da yawa: dole sunan da ke jikin kati ya zama na wanda zai tuƙa motar. Alhaji yana da kati amma ɗansa ne mai lasisi, ko wa ya aro katin ƙaninsa, duk ba za su wuce ba, sai dai a rubuta mai katin a matsayin babban direba, ɗayan ya shiga a matsayin na biyu, sau da yawa da ƙarin kuɗi. Wanda bai kai shekara 25 ba ma akan caje shi ƙari.

Iyaka uku a kan kati ɗaya

Mai katin naira da ya ƙetare iyaka yana fama da shinge uku a lokaci guda. Na farko shi ne abin da ke asusunsa, ko iyakar bashinsa idan katin bashi ne. Na biyu shi ne iyakar kashewa a rana, wadda banki ya sa ko shi da kansa ya saita a manhaja ya manta. Na uku, wanda ya fi wahalar da mutane, shi ne adadin dalar da banki ya yarda a kashe a waje da katin naira.

Wannan na ukun yana da tarihi. Da dala ta yi wuya a 2020, bankuna da dama suka rage shi zuwa dala 100 a wata. A Maris 2022 suka sake zaftare shi zuwa dala 20. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 manyan bankuna suka dakatar da amfani da katin naira a waje baki ɗaya, aka koma ga 'yan canji da asusun dala. Bayan an saki farashin naira a Yunin 2023, aka kuma sami sauƙin dala sannu a hankali, sai a Yulin 2025 wasu bankuna suka sake buɗe ƙofa. GTBank, misali, ya fara ne da iyakar dala 1,000 a wata uku. Kowane banki da nasa adadin, kuma yana sauyawa, don haka labarin bara ba ya amfanin tafiyar bana.

A gefe guda kuma gwamnati tana tura matafiya zuwa ga kati. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci a daina ba da guzurin tafiya na hukuma a tsabar kuɗi, a riƙa zuba shi ta kati da sauran hanyoyin zamani. Da aka zo kan alhazai sai abin ya zama rigima, domin da yawansu mutanen karkara ne da ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba, har sai da aka amince a ba alhazan 2025 guzurinsu a hannu. Amma mai zuwa Umara, da ɗalibi, da mai zuwa asibiti Alƙahira ko Indiya, kati ne abokin tafiyarsu, so ko ƙi.

Ga misalin yadda lissafin yake kasancewa. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. A ɗauka mutum yana da katin da iyakarsa dala 1,000 ce, wato riyal 3,750. Ya biya masauki a Madina riyal 1,500. Ya kama ƙaramar mota ta kwana biyar a kan riyal 150 kullum, 750 ke nan. A kanta aka ce za a riƙe 1,500. Haɗa su: 3,750 cif. Ya karɓi makulli yana murna, ya tsaya gidan mai a hanyar Ɗa'ifa, ya miƙa kati, na'ura ta ƙi. Ya duba waya, ga miliyoyin naira kwance a asusu. Ba kuɗi ne babu ba, iyaka ce ta cika, domin a lokacin neman amincewa ake auna ta, ba ranar da aka cire kuɗi ba.

Ranar mayar da mota

Nan ne ake samu ko a rasa. Wanda ya shigo da mota a gurguje saura awa ɗaya jirginsa ya tashi, ya jefa makulli a akwati ya ruga, ya bar wa kamfani alƙalami ya rubuta abin da ya ga dama. Wanda ya san kan abin yakan iso da wuri. Ya sha mai a gidan mai mafi kusa ya ajiye rasit. Ya tsaya ma'aikaci ya zagaya motar a gabansa, daga gaba zuwa baya, har ƙafafu da gilashi da rufi. Ya ɗauki hoton kowane gefe, da allurar mai, da lambar kilomita, ya gwada su da hotunan da ya ɗauka ranar karɓa. Sannan ya karɓi takardar rufe haya mai nuna jimillar abin da aka caje shi, da shaidar an soke riƙo.

Ko an yi duk wannan, kuɗi ba ya dawowa nan take. Kamfani yana aika saƙon saki, amma bankin da ya ba da kati ne yake buɗe kwaɗon, kuma yakan ɗauki kwanaki. Idan kamfani bai aika saƙon ba, riƙon zai zauna har wa'adinsa ya ƙare da kansa. Haka nan idan aka riƙe kuɗi a kati ɗaya, aka biya kuɗin haya da wani katin ko da tsabar kuɗi, riƙon farko yana iya zama maraya, ba abin da zai rufe shi sai an soke shi da gangan. Wannan ne asalin yawancin kukan an cire sau biyu.

Kada a haɗa wannan da matsalar da aka saba gani wurin masu POS, inda ake cire kuɗi ciniki bai faɗa ba. Waccan tana da wa'adin da Babban Banki ya gindaya tun Yunin 2020, awa 72 ga cinikin POS da na intanet. Riƙon hayar mota ba kuskure ba ne, yarjejeniya ce da mutum ya sa wa hannu, don haka wa'adinsa daban ne.

A kuma tambaya tun farko: riƙewa za a yi ko cirewa? Wasu ƙananan kamfanoni cire kuɗin ajiyar suke yi gaba ɗaya, su mayar daga baya. Ga mai asusun naira wannan canji biyu ne. Idan an cire dala 400 a kan naira 1,550, aka mayar a kan 1,500, naira 20,000 ta narke ba wanda ya ci amanar wani. Haka idan na'ura ta ba da zaɓin a caje ka da kuɗin wata ƙasa maimakon na inda kake, zaɓi na inda kake, domin canjin na'urar ya fi na banki tsada a mafi yawan lokuta. Idan wa'adi ya wuce kuɗi bai dawo ba, a kai ƙorafi a rubuce ga banki tare da takardar rufe haya. In an yi mako biyu ba a warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki yana karɓar ƙara.

Ta fuskar addini

A gari irin Katsina ba za a yi maganar katin bashi a tsallake riba ba. Jingina kanta ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambace ta a halin tafiya, kuma Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun yi bayanin hukuncinta da na haya. Inda gizo ke saƙa shi ne katin kansa. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Idan babu sharaɗin ruwa, ya halatta. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane da yawa a Arewa suke gudun katin bashi ko da sun cancanci samunsa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, su ne wuraren da mai wannan damuwa zai fara tambaya.

Akwai wata mas'alar kuma. A fiƙihu mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. Takardun kamfanonin haya kuwa sukan ɗora masa kason farko na asara ko da a ajiye aka bugi motar. Wanda abin ya dame shi ya nemi fatawa tun yana gida, ba sai ya tsaya gaban kanta ba.

Me ya hana a yi haka a gida?

Ko a Legas da Abuja, yawancin kamfanonin haya da direba suke ba da mota. Dalilan a bayyane suke. Inshorar da galibin motocinmu ke ɗauke da ita ita ce ta dole, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, kuma ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta gyara motar mai ita. Ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin jihar, ga rashin katin da za a ɗora wa riƙo. Mai mota a Katsina da ya ƙi sakin makulli ba rowa yake yi ba, lissafi ne.

Inda ake ba da mota ba direba, abin da ake yi shi ne mai haya ya tura kuɗin ajiya kai tsaye asusun mai mota, ya kawo mai tsaya masa, ya ba da lambar katin ɗan ƙasa. Wannan ya fi riƙon kati haɗari ga mai haya, domin babu banki a tsakani, babu wa'adin da kuɗi zai saki kansa. Dawowarsa ta rataya ne ga amanar mutum ɗaya. Tubalan gyara suna nan: lambar BVN tun 2014, dokar bayanan masu cin bashi ta 2017, da hukumar CREDICORP da aka kafa a 2024 don faɗaɗa bashin masu sayayya. Kafin su kai ga tashoshinmu, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a rubuta: nawa aka ajiye, me zai sa a taɓa shi, wace rana za a mayar, da shaidu biyu.

Kafin a ɗaura jaka

Mai niyyar hayar mota a waje ya fara da bankinsa, ba da kamfanin haya ba. Ya tambayi iyakar katinsa a waje, da iyakarsa ta rana, da ko an buɗe shi don aiki a ƙasar da za shi. Sannan ya karanta sharuɗɗan reshen da zai karɓi motar, domin kamfani ɗaya yana iya karɓar katin cirar kuɗi a wani gari ya ƙi a wani. Ya san adadin riƙon a rubuce. Ya tanadi lasisinsa na gida da na ƙasa da ƙasa. Idan da hali ya tafi da kati biyu, ɗaya na riƙo, ɗaya na cefane, da ɗan abin da zai riƙe a hannu. Mai asusun dala ya fi samun sarari, tunda katinsa ba ya ƙarƙashin iyakar katin naira kuma ba ya canji biyu.

Ya kuma tambayi kansa ko yana buƙatar motar ma. Tsakanin Makka, Jidda da Madina akwai jirgin ƙasa na Haramaini tun 2018, a manyan birane kuma akwai motocin da ake kira ta waya, ba riƙo, ba tara, ba neman wurin ajiye mota. Wanda zai yi kwana uku a gari ɗaya sau da yawa shata ta fi masa, kamar yadda ya saba a gida.

Wanda kuma ya ga lallai sai ya tuƙa da kansa, kada ya tsaya ga tambayar nawa ne kuɗin haya. Ya tambayi nawa za a riƙe, a wane kati, sai yaushe za a saki, sannan ya cire wannan adadi daga guzurinsa tun yana Katsina. Idan abin da ya rage zai kai shi ya dawo da shi, ya kama mota. Idan ba zai kai ba, ya haƙura da ita.